Kafin a Sayi Katin Hoto, a Tambayi Direbansa

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen kwamfutar tebur, ko a Titin Beirut a Kano, ko a Banex a Abuja, ko a Computer Village ta Ikeja, ya san tambayar da kan taso idan ciniki ya fara nisa: mai katin hoto ake so ko marar shi? A nan farashi yake rabuwa gida biyu. Mai kati ta fi tsada, kuma ita ake nunawa a matsayin ta manya. Marar kati kuwa ta masu lallaɓawa ce. Akanta ko lauya ko malamin jami'a da ba ya so a ce ya yi ƙwauro a kan kayan aikinsa, sai ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai katin, yana ganin ya sayi kwanciyar hankali.

Sau da yawa kuɗin nan ya tafi a banza, wani lokaci ma wahala aka saya da shi. Ga mai aikin yau da kullum, wato rubutu, lissafi a Excel, buɗe shafuka a burauza, taron Zoom da kallon bidiyo, ƙarfin katin hoto ya daɗe da daina zama abin da ke bambanta kwamfuta mai daɗin aiki da mai ɓacin rai. Abin da ke bambanta su shi ne direba, manhajar nan da ke tsakanin kati da sauran kwamfuta: ingancinsa, irin bidiyon da ya iya karantawa, wutar da yake sa kati ya sha, da kuma shekarun da suka rage kafin kamfaninsa ya janye hannu daga gare shi. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan a jikin kwali.

Abin da allo ke nema a zahiri

Kusan duk kwatancen katunan hoto da ake gani a mujallu da tashoshin YouTube a kan wasannin kwamfuta aka gina shi. Akan ɗora wasa mai nauyi, a ƙirga hotuna nawa kati ke iya zanawa a daƙiƙa ɗaya, a jera sakamakon daga sama zuwa ƙasa. Ma'auni ne mai adalci ga wanda wasa ya kawo shi kasuwa. Matsalar tana farawa ne idan mai aikin ofis ya ɗauki wannan jeri a matsayin jagoransa.

Allon ofis na yau da kullum, mai faɗin ɗigo 1920 da tsayin 1080, yana ɗauke da ɗigo miliyan 2 da 'yan kai, kuma yana sabunta hotonsa sau 60 a daƙiƙa. Tun daga Windows Vista a 2007, kowace taga da aka buɗe tana da nata hoton a ajiye, sannan wani sashe na Windows ya jera su kan juna ya miƙa wa allo. Aiki ne na liƙa hotuna masu lebur. Babu lissafin haske da inuwa da motsin ruwa irin na wasa. Ƙaramin sashen hoto da ke haɗe a cikin firosesar Intel ko AMD yana gama shi ya zauna jiran allo. RTX 4090 na Nvidia, wanda ya fito a Oktoban 2022 a kan dala 1,599, yake kuma iya shan wat 450, shi ma yana gamawa ya zauna jira. Duka biyun hotuna 60 za su bayar, domin iyakar abin da allon zai karɓa ke nan. Tirelar da aka ɗora wa buhu ɗaya ba za ta riga a-kori-kura shiga kasuwa ba, muddin layi ɗaya suka bi a cunkoso.

Jan ƙafar da ke damun masu ofis daga wani wuri yake tasowa: tsohon faifan ajiya mai juyawa a maimakon SSD, ko RAM mai gigabait 4 da aka cika da shafuka talatin, ko intanet mai rauni. Tabbatar da haka ba ya cin ko kwabo. Tun 2017 Task Manager na Windows yake nuna yawan aikin da sashen hoto ke yi. Wanda ya buɗe shi a tsakiyar aiki yawanci zai tarar da faifai ko RAM a cike, sashen hoto kuwa yana hutawa.

Tafintan da ba a ganin fuskarsa

Babu wata manhaja da ke magana da katin hoto kai-tsaye. Word ko Chrome ko Zoom suna faɗin buƙatarsu ne cikin wasu harsuna na gama-gari, irin su DirectX da OpenGL da Vulkan, sai direba ya juya ta zuwa umarnin da wannan katin na musamman yake ji. Tafinta ne, kuma kamar tafintan kotu, idan ya karkatar da kalma ɗaya, shari'ar duka ta karkata, komai gaskiyar mai ƙara da adalcin alƙali.

Aikinsa bai tsaya ga tafinta ba. Shi ke raba ma'ajiyar kati tsakanin manhajoji. Shi ke yanke lokacin da kati zai ƙara gudu da lokacin da zai lafa, da lokacin da fanka za ta tashi. Shi ke gane cewa an soka allo na biyu ko majigi, shi ke kwantar da kati idan kwamfuta ta yi barci, ya kuma tashe shi idan an taɓa madannai. Manhaja ce mai layuka miliyoyi, kuma wani ɓangarenta yana zaune a can cikin zuciyar babbar manhaja, inda kuskure ƙarami ke iya kayar da komai. Saboda haka ne Windows take da wani tsari na tsaro: idan kati ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, sai ta kashe direban ta sake tayar da shi. Ƙyaftawar baƙin allo da mutum kan gani yana tsakiyar aiki, sau da yawa wannan ce.

Kusan duk abin da ke ɓata wa mai ofis rai game da hoto a wannan fage yake: allon da ya ƙi dawowa bayan barci, tagogin da suka watse bayan an cire majigi, rubutun da ke rawa idan ana gangara shafi, hoton taro da ya daskare ana cikin gabatar da rahoto. Babu ɗayansu da ƙarin ƙarfi ke magancewa.

Akwai kuma wani abu da mutane ƙalilan suka sani. Chrome da Firefox suna riƙe da jerin direbobin da aka san suna da aibi. Idan burauza ta tarar da ɗaya daga cikinsu, sai ta ƙi miƙa masa wasu ayyuka, ta mayar da su kan firosesa. Ke nan mutum na iya mallakar kati mai ƙarfi, amma manhajar da ya fi yini a cikinta ta ƙaurace masa saboda tsufan direba. Rubuta chrome://gpu a wurin adireshi yana nuna waɗanne ayyuka kati ke yi da waɗanda aka ƙwace masa.

Babu kamfanin da bai taɓa tuntuɓe ba

Masu sha'awar kwamfuta kan rabu kamar magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallo: wasu sun rantse da Nvidia, wasu da AMD, wasu da Intel. Tarihin direbobi bai bar wa kowa abin taƙama ba.

A 2008, wata shari'a da aka yi da Microsoft a Amurka kan tallan Windows Vista ta sa an fito da takardun cikin gida na kamfanin. A ciki aka ga cewa daga cikin faɗuwar kwamfuta da aka tattara a 2007, kusan kashi 29 cikin 100 direbobin Nvidia ne sanadinsu, fiye da na Microsoft kansa, wanda ke da kusan kashi 18. ATI, wanda AMD ya saya a 2006, da kuma Intel, kowannensu na da kusan kashi 9. Vista ta sha baƙin jini a duniya, alhali wani kaso mai tsoka na laifin na masu rubuta direba ne, waɗanda sabon tsarinta ya riske su ba su shirya ba.

AMD ya ɗanɗana nasa a 2019 da farkon 2020, lokacin da masu katin RX 5700 suka yi ta kukan allo na yin baƙi ba gaira ba dalili. Daga cikin abubuwan da ke jawo shi har da barin wata manhaja mai amfani da kati a buɗe a bayan fage, wanda burauza ma tana cikinsu. Sai a ƙarshen Fabrairun 2020 kamfanin ya fitar da direban da ya toshe yawancin ramukan. A farkon 2025 kuma abin ya sake zagayowa kan Nvidia: fitowar katunan RTX 50 ta zo da rahotannin baƙin allo, kamfanin ya yi ta sakin gyara a kan gyara cikin 'yan watanni.

Labarin Intel ne ya fi fito da darajar direba fili. Katunansa na Arc A750 da A770 sun shiga kasuwa a Oktoban 2022 da ƙarfe mai kyau da direba ɗanye, musamman a tsofaffin wasanni masu amfani da DirectX 9. A Disambar shekarar kamfanin ya fitar da sabon direba wanda, bisa ikirarinsa, ya ninka gudun wasu daga cikinsu har sau 1.8. Ba a taɓa ko dunƙule ɗaya a jikin katin ba. Wanda ya karanta kwatancen Oktoba da wanda ya karanta na Janairu, labarin kati biyu daban suka ji.

Darasin da ke ciki ga mai ofis a sarari yake. Sabon kati a watanninsa na farko shi ne mafi haɗari, domin masu sayensa su ne ke gwada direbansa a aikace. Haɗaɗɗen sashen hoto na Intel kuwa, wanda ke cikin fiye da rabin kwamfutocin da ake sayarwa a duniya, an riga an gurje direbansa a ofisoshi da bankuna da makarantu marasa adadi, da irin manhajojin da mai ofis ke buɗewa kullum. Ba don ba shi da aibi ba. Aibinsa dai ya fi saurin bayyana.

Bidiyo, inda tsohon kati ke mayar da hannun agogo baya

Aiki ɗaya ne mai nauyin gaske a rayuwar kwamfutar ofis, shi ne bidiyo. Hoton da ke zuwa daga YouTube ko Zoom a matse yake, dole a warware shi ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin ba gundarin ƙarfin kati ke yin sa ba. Akwai wani ɗan sashe na musamman a cikin kati da aka ƙera don shi kaɗai, kuma ya iya tsare-tsaren matsi ne kawai da aka sani a lokacin da aka zana shi. H.264 ya daɗe, kowa ya iya shi. YouTube ya fi amfani da VP9, yana kuma ƙara karkata ga AV1, wanda aka fitar a 2018, yake kuma rage yawan data a inganci iri ɗaya. Firosesocin Intel sun iya VP9 sosai tun zubi na 7. AV1 kuwa ya shigo a 2020, tare da zubi na 11 na Intel, da RTX 30 na Nvidia, da RX 6000 na AMD.

A nan ne ciniki kan juye. GeForce GT 710 na daga cikin katunan da aka fi sokawa a kwamfutocin ofis don a ce suna da kati. Ya shiga shaguna a farkon 2016, amma a kan tsarin Kepler na 2012 aka gina shi, kuma bai iya VP9 ba, balle AV1. Idan aka soka shi a kwamfuta mai firosesar Intel zubi na 8, aka mayar da wayar allo jikinsa, galibi haɗaɗɗen sashen hoton sai ya koma gefe. Daga nan duk bidiyon VP9 ya faɗa kan firosesa, fanka ta tashi, wuta ta ƙaru. Ga shi kuma ko a gundarin ƙarfi bai kai sashen da ya kora ba. An biya kuɗi an rage wa kwamfuta daraja.

Sabon kati ma bai tsira ba. Radeon RX 6500 XT ya fito a Janairun 2022 a kan dala 199, ba tare da iya karanta AV1 ba, kuma ba tare da sashen matse bidiyo ba, wanda ake buƙata wajen naɗar allo. Firosesar Intel N100 ta 2023, mai wat 6, wadda ake sawa a ƙananan kwamfutoci masu araha, tana karanta AV1 ba tare da ta yi gumi ba. A jerin wasanni, katin ya yi mata fintinƙau. A teburin malamin da ke kallon laccoci yana naɗar darasi, ita ce a gaba.

Wutar da ake sha ana zaune

Masu kwatance a Turai da Amurka kan ba wa wutar da kati ke sha yana zaune layi ɗaya a ƙarshen rahoto. A ƙasar da ake rayuwa da janareta da inbata da sola, a saman shafi ya kamata a sa ta, domin kwamfutar ofis kusan duk yininta a zaune take, tana nuna takarda.

Nan ma hukuncin na direba ne. Katunan Arc na farko suna shan kusan wat 40 ba sa komai, sai an shiga BIOS da saitin Windows an kunna wani tsarin rage wuta, kamar yadda Intel da kansa ya yi bayani. Radeon RX 7900 XTX, a lokacin fitowarsa a Disambar 2022, an auna shi yana shan kusan wat 100 idan an haɗa masa allo biyu, saboda direba yana barin ma'ajiyarsa tana gudu a ƙololuwa. Sai a direbobin baya aka rage. A ɗaya gefen, ƙananan kwamfutoci da yawa masu haɗaɗɗen sashen hoto ba sa wuce wat 10 zuwa 15 gaba ɗayansu idan suna zaune.

Lissafin ba shi da wuya. A ce kati ya ƙara wat 30 kawai. Awa 8 a rana, kwana 26 a wata, ya haura yunit 6. Ofis mai kwamfuta goma ya zarce yunit 60 a wata, a kan aikin da babu wanda ya gani. Tun da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 a kowane yunit a Afrilun 2024, kafin a ɗan sassauta, wannan ya wuce naira 12,000 duk wata, kuma wutar janareta ta fi haka tsada nesa ba kusa ba. Ga mai batir abin ya fi tsanani. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, idan ana so ya yi ƙarko, kusan yunit 1.2 ake ɗiba daga cikinsa. Kwamfuta da allo masu shan wat 40 za su yi awa 30 a kansa, a lissafin takarda. Masu shan wat 100 awa 12 za su yi.

Kowane wat kuma zafi ne. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai ke haura digiri 40, kati da ke cikin ɗakin da ba na'urar sanyaya yana farawa ne daga inda na Turai ke ƙarewa. Fankokinsa suna zuƙar ƙurar hunturu su cusa ta tsakanin ƙarafan sanyaya, kuma idan zafi ya kai wani mataki, kati yana rage gudunsa da kansa. Sashen da babu shi a cikin akwati ba ya tara ƙura, ba ya kuma mutuwa.

Ranar da kamfani ya janye hannu

Ƙarfe na iya shekara goma sha biyar yana aiki. Direba kuwa yana da wa'adi, kuma kamfani ne ke yanke shi. Nvidia ya daina yi wa katunan Fermi direba a 2018. Na Kepler, wato yawancin jerin 600 da 700, sun samu direbansu na ƙarshe mai sababbin abubuwa a 2021, gyaran tsaro kuma ya tsaya a Satumbar 2024. Na Maxwell da Pascal, har da shahararrun GTX 1050 Ti da GTX 1060, sun bi sahu a Oktoban 2025, da alƙawarin gyaran tsaro zuwa Oktoban 2028. AMD ya ajiye jerin HD 7000 da R9 200 da R9 300 a Yunin 2021. Intel ya mayar da sassan hoto na zubi na 6 zuwa na 10 rukunin tsofaffi a Yulin 2022, inda gyare-gyare masu muhimmanci kawai suke samu.

Wannan ya fi shafar kasuwar kayan hannu, wadda ita ce ke ciyar da yawancin ofisoshi da makarantu a Nijeriya da Nijar. Katin da aka sauke daga kwantena yau yana iya kasancewa ya shekara biyar da rasa mai kula da shi. Zai kunna, zai nuna hoto, amma duk wata ƙofa da aka gano a direbansa a buɗe za ta zauna, alhali shafukan intanet na zamani suna iya aika wa kati umarni ta cikin burauza. Ƙarewar tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025 ta ƙara matse lamarin, domin Windows 11 tana da nata sharuɗɗan a kan firosesa da direban hoto.

Sunan da ke kan kwali ma ba abin dogaro ba ne. An sayar da GT 730 iri uku da suna ɗaya, ɗaya daga ciki a kan tsohon tsarin Fermi, kuma akan yi tallansa da gigabait 4, kamar girman rumbu ne ke nuna yawan hatsi. A 2018 aka fito da GT 1030 mai ma'ajiyar DDR4, wadda saurinta kusan sulusin na asali ne mai GDDR5, sunan kuma bai canja ba. Ban da haka akwai jabu, tsofaffin katunan da aka sauya wa suna a cikin manhajarsu don su bayyana a matsayin sababbi. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna ainihin abin da ke cikin kati, tana kuma tona da yawa daga jabun. Minti biyu da ita a gaban mai shago sun fi rantsuwa goma.

Idan aka koma Linux

Makarantu da ofisoshin da kwamfutocinsu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, da yawa za su duba Ubuntu ko Linux Mint. A can jerin fifiko yana juyewa. Direbobin Intel da AMD a buɗe suke, suna zuwa a cikin babbar manhajar, babu abin da za a sauke. Katin AMD na 2012 da kamfaninsa ya sallama a Windows har yanzu yana samun gyara a Linux, domin duk mai iyawa yana da damar sa hannu.

Nvidia ya daɗe yana riƙe nasa a rufe, har Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya fito a wani taro a Jami'ar Aalto ta Finland a 2012 ya kira shi kamfani mafi wuyar sha'ani da suka taɓa hulɗa da shi. Abubuwa sun gyaru: a Mayun 2022 kamfanin ya buɗe wani ɓangare na direbansa, a 2024 kuma ya magance rawar hoto da ta daɗe tana damun masu amfani da sabon tsarin nuni na Wayland. Sai dai buɗewar ta shafi katunan tsarin Turing ne, na 2018, da waɗanda suka biyo baya. Tsofaffin da suka cika kasuwar hannu suna nan inda aka bar su. Katin da ya fi kowa daraja a Windows na iya zama shi ne ciwon kai a Linux.

Waɗanda kati ya zame wa dole

Adalci ne a faɗi cewa akwai masu buƙatar kati na gaskiya. Mai tace fim a Kannywood da ke aiki da Premiere Pro ko DaVinci Resolve, mai zanen gini da ke fitar da hoton gida a Lumion ko Blender, mai bincike da ke horar da manhajar ƙirƙirarriyar basira a kan CUDA ta Nvidia, da matashin da wasa ne nishaɗinsa, duk waɗannan kowace naira da suka sa a kati tana dawo musu da lokaci. Amma ko su ba su kuɓuta daga hukuncin direba ba. Shi ya sa tun 2019 Nvidia yake fitar da direba iri biyu, ɗaya mai bin sababbin wasanni da gaggawa, ɗaya mai suna Studio da ake daɗewa ana gwada shi da manhajojin aiki. Kamfanin da kansa ya yarda cewa wanda abincinsa ke kan kwamfuta ya fi buƙatar natsuwa a kan sauri.

Sauran hujjojin ba su da wannan ƙarfi. Mai cewa yana son allo biyu ko uku, sassan hoto na Intel suna ɗaukar uku tun 2012. Abin dubawa shi ne yawan ramukan da ke bayan kwamfuta da irinsu, domin allon 4K yana buƙatar HDMI 2.0 ko DisplayPort 1.2 kafin ya ba da hotuna 60, tsohon HDMI 1.4 kuwa a 30 yake tsayawa. Mai cewa zamanin ƙirƙirarriyar basira ne, ChatGPT da ire-irensa a manyan kwamfutocin kamfanoninsu suke aiki, burauza kawai suke nema. Mai cewa yana saye ne don gaba, agogon direba yana fara bugawa ne daga ranar da aka fitar da tsarin kati, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Kwamfutar tebur kuma tana da ramin da za a soka kati duk ranar da buƙata ta zo, a lokacin da kuɗin zai sayi wanda ya fi. Togaciya ɗaya ce: firosesocin Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu, da yawancin Ryzen na tebur kafin jerin 7000 in ba masu harafin G ba, ba su da sashen hoto ko kaɗan, dole a sa musu kati.

Kwatancen da ya dace da teburin aiki

Wanda zai sayi kwamfuta ɗaya, da jami'in da zai sa hannu a takardar sayen hamsin, tambayoyinsu ɗaya ne. A wace shekara aka fitar da tsarin wannan sashen hoto, kuma yaushe ne kwanan watan direbansa na ƙarshe a shafin kamfanin? Ya iya VP9 da AV1? Wat nawa kwamfutar ke sha tana zaune da allon da za a yi aiki da shi? Ramukan bayanta sun dace da allon da majigin ofis? Idan aka sa ta barci aka tashe ta sau biyar a jere, tana dawowa kowane karo? Dukansu ana iya amsa su a cikin shago, da waya a hannu da ƙaramin mitan wuta na soket.

Idan amsoshin sun yi kyau ba tare da kati ba, kuɗin katin yana da wuraren zuwa da suka fi: SSD, da RAM mai gigabait 16 a sanda biyu, domin haɗaɗɗen sashen hoto daga RAM yake ci kuma sanda biyu suna ninka masa hanya, sai allo mai kyau da ido zai yini a kansa, da UPS da zai riƙe aiki idan an ɗauke wuta. Bayan haka kuma, direban da ke aiki lafiya a bar shi; a sabunta shi idan gyaran tsaro ya fito ko wata matsala ta bayyana, kuma a ofis mai kwamfutoci da yawa a fara gwada sabon a kan guda ɗaya na mako guda kafin a watsa shi ga sauran.